Yadda ake neman zama da mawaƙi, a yi hira da shi, a kuma riƙe zumunci

Kusan duk mako sai wani ya tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, wai ta yaya kake samun makaɗan nan har su saki jiki su yi maka magana?" Wasu ɗaliban Hausa ne daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru da aka ba aikin kundi, wasu daga Argungu suke kira, wasu kuma samari ne masu tashar YouTube da suka je ƙofar gidan wani makaɗi aka ce musu ba ya nan, alhali suna jin tarinsa daga zaure. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a waya, shi ya sa na tattara ta wuri ɗaya bisa tsarin da nake bi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Magana ita ce dukiyar mawaƙi, da ita yake ci da iyalinsa. Kai kuma ka zo ne ka ɗebi wannan dukiyar ka tafi da ita a cikin waya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Ka san wa kake nema

Kafin ka nemi lambar kowa, zauna ka tantance irin makaɗin da kake so, domin kowane rukuni da ƙofarsa. Makaɗin fada mai kotso ko taushi yana da ubangida, bakinsa kuma a ɗaure yake da gidan sarautar da yake yi wa waƙa. Makaɗin jama'a ya fi sakin baki, amma ba ya zama wuri ɗaya. Akwai makaɗan maza, na dambe da tauri da farauta, akwai na noma, akwai zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya na cikin gida, sannan ga mawaƙan zamani na situdiyo.

Yawancin masu zuwa wurina sunayen manya suke ambata: Narambaɗa na Tubali, Salihu Jankiɗi, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Musa Ɗanƙwairo na Maradun wanda ya rasu a 1991, ko gidan Ɗandawo a Yawuri. Waɗannan sun riga mu gidan gaskiya. Wanda za ka nema shi ne ɗa ko jika da ya gaji kiɗin, ko tsohon ɗan amshi. A ganina ma ɗan amshin da ya yi shekara talatin a bayan maigida ya fi ɗan da aka haifa da tsufa sanin yadda waƙa ta samu, don shi ne ya kwana ana maimaita ta har ta zauna.

Ka rubuta a layi ɗaya abin da kake nema: tarihin rayuwarsa, ko fashin baƙin wasu waƙoƙi, ko yadda ake haɗa kayan kiɗa. Wanda ya je neman komai, da gaisuwa yake dawowa.

2. Saurara kafin ka taka

Ka nemi waƙoƙinsa aƙalla goma. Masu tura waƙa a memori a kasuwar Gusau ko Birnin Kebbi suna da su, akwai kuma a YouTube, tsofaffin ma'aikatan gidajen rediyo ma taska ne. Ka saurara da biro a hannu. Duk sunan mutum, sunan gari, sunan doki, ko kalmar da ta shige maka duhu, rubuta ta tare da mintin da ta fito. Daga nan tambayoyinka na gaske za su fito.

Gargaɗi: sunan da aka liƙa wa waƙa a memori ko intanet ba hujja ba ne. Ana yawan jingina wa makaɗi waƙar wani. In ka zauna gaban mutum ka yaba masa waƙar abokin hamayyarsa da sunan tasa ce, hirar ta mutu tun ba a fara ba, ko da zai ci gaba da yi maka murmushi. Ka kunna wa wani dattijo mai kunne ya tabbatar maka da muryar.

3. Shiga ta ƙofa

Kada kiranka na farko ya zama ga shi makaɗin. Kowace ƙungiyar kiɗa tana da mutumin da ke riƙe da ƙofa: sanƙira, ko maroƙin da ke masa kirari, ko Daudun kiɗi, ko babban ɗansa. Shi ya san ranar da maigida ke gida da ranar da ransa ke ɓace. Hanya mafi sauƙi ta samunsa ita ce ka je wurin da suke wasa, bikin aure ko naɗin sarauta ko filin dambe, ka tsaya gefe har a tashi, ka lura da wanda ke tattara kuɗi da kaya. Shi za ka gaida, shi ne zai zama ɗan jagoranka zuwa wurin maigida.

In makaɗin fada ne, ka fara da fadar. Ka kai takarda daga sashenku ko gidan rediyonku ga sakataren masarauta, ko ka bi ta hannun wani bafade. Ba wai sai sarki ya zauna da kai ba, amma makaɗin zai tambaye ka ko fada ta sani, kuma amsar da ka ba shi ita za ta yanke yawan abin da zai faɗa. In mace ce, ka bi ta hannun mijinta ko babban ɗanta, ka kuma tafi da mace cikin tafiyar. Sau da yawa ma gara ita ta yi tambayoyin kai ka tsaya zaure. Mawaƙan zamani kuwa manaja gare su, a nan saƙon WhatsApp gajere mai ɗauke da sunanka da inda kake aiki da tsawon lokacin da kake buƙata ya wadatar.

Gargaɗi: shafukan bogi masu sunan fitattun mawaƙa sun cika Facebook da TikTok. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin rajista ko kuɗin ganawa kafin ka ga kowa ido da ido, ka rufe maganar.

Ka gaya wa ɗan jagoranka gaskiyar ƙarfinka tun farko. In kai ɗalibi ne ka ce ɗalibi ne. Wanda ya shiga da kurin cewa daga babbar tasha yake, a ma'aunin babbar tasha za a auna ambulan ɗinsa.

4. Rana da hanya

Da damina makaɗan karkara manoma ne, da safe suna gona, fatar ganga ma sakewa take yi saboda danshi. Da kaka kuma bukukuwa da dambe sun ɗauke su, yau Gummi gobe Jega. Makon Sallah na fada ne. Lokacin yaƙin neman zaɓe kada ma ka wahalar da kanka. Lokutan da suka fi yi mini daɗi biyu ne: watan azumi, da kiɗa ke tsayawa kowa yana gida, da kuma bazara kafin ruwa ya sauka. In azumi ne ka ɗauki hantsi, ko bayan sallar asham in gari ɗaya kuke.

A ranakun da ba na azumi ba, daga hantsi zuwa azahar ne lokacinka. Wanda ya kwana yana wasa ba zai tashi da sassafe domin kai ba. Ka kauce wa ranar kasuwar garin, kamar Talata a Talatar Mafara ko Alhamis a Shinkafi, sai dai in hayaniya kake son ɗauka.

Sai maganar hanya, wadda kowa a Zamfara ya san nauyinta. Labarin da ka ji jiya bai isa ba. Da safen ranar ka je tasha ka tambayi direbobin da suka shigo daga can, ka kuma kira ɗan jagoranka. Kada ka yi sammako, kada ka bari la'asar ta same ka a ƙauye. Mota ta haya cikin jama'a ta fi motar gida mai jawo ido. Kada ka sa hotonka ko sunan garin a intanet sai ka dawo, don tsaron mutanen da ka baro ma, ba naka kaɗai ba. In hanyar ba ta yi ba, akwai mafita mai kyau: ka gayyato makaɗin Gusau ko Ƙauran Namoda a ranar da dama zai shigo, ka ɗauki kuɗin motarsa da na mutum ɗaya da zai rako shi, ka samu zauren wani da ya sani. A Kebbi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar yini ce ka je ka dawo, amma Yawuri da Zuru ka shirya kwana.

5. Kayan aiki

Ba sai ka mallaki kyamarar gidan talabijin ba. Waya mai kyau ta isa, amma ka tafi da biyu, ɗaya na ɗaukar hoto ɗaya na ɗaukar murya zalla. Ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga ita ce abin da ya fi cancanta ka kashe wa kuɗi, domin mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da muryar da ba ta fita. Ka haɗa da iyafis don jin abin da ke shiga, da fawabanki cike da caji, da sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya, da littafi da biro biyu.

Ka lissafa wuri. Murya mai inganci irin ta WAV tana cin kusan megabait 10 a minti, wato kusan 600 a awa guda. Bidiyo kuwa awa ɗaya na iya cinye gigabait 6 zuwa 8. Ka share wayar tun a gida, kada ka tsaya gaban dattijo kana goge hotunan biki.

Gargaɗi: ka sa wayoyin a yanayin jirgi kafin ka danna. Kira ɗaya yana iya yanke ɗauka ba ka sani ba. Na taɓa rasa kusan rabin awa ta haka, kuma daidai wurin da mutumin ke ba da labarin rasuwar mahaifinsa, abin da ba a ce wa mutum ya maimaita.

Abokan gabar murya a garuruwanmu sanannu ne: injin niƙa, janareta, fanka, iskar hunturu, da yaran da za su cika ƙofar zaure. Ka ɗauki minti ɗaya na gwaji ka saurara da iyafis. In za a yi kiɗa, ka nisanta wayar daga ganguna ka kusanta ta da bakin mai waƙa, in ba haka ba kalangu zai haɗiye kalmomin gaba ɗaya.

6. Kuɗi

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Kasafinka gida biyar ne. Kuɗin mota da abinci. Tsaraba ta shiga gida. Ihsanin ɗan jagora. Ambulan ɗin maigida. Sai kuma rarar da ba ka taɓawa, wadda za ta cece ka in abin da ban so ya faru ya faru. Farashi yana sauyawa kowane wata, saboda haka ka yi amfani da awo maimakon adadi: abin da ka ware wa maigida kada ya gaza abin da ka kashe a mota zuwa da dawowa, na ɗan jagora kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na maigida. Shi kansa ɗan jagoran za ka iya tambayarsa a keɓe, "Me ya kamata in riƙe wa Baba?" Zai faɗa maka, ko da zai ɗan ɗaga.

Tsaraba ba ta buƙatar tsada. Ƙwaryar goro, wato goro ɗari, ita ce ta gargajiya, rabinta ma ba laifi. Dattawa da yawa sun daina cin goro saboda haƙori ko hawan jini, amma suna rabawa, rabawar kuma ita ce darajar. Sukari da ganyen shayi da turare suna shiga ko'ina. Tsaraba ana miƙa ta da isowa, ta hannun ɗan jagora. Ambulan kuwa sai an gama, lokacin sallama. In ka ba da shi da farko ka mayar da zaman ciniki, za a auna maka magana daidai kuɗinka. Kada kuma ka kira shi kuɗin hira. Ka ce, "Baba, ga wannan a sa wa yara albarka," ko "a sha ruwa."

Abu na biyu: hira daban, kiɗa daban. In ka ce a ɗan taɓa maka ko da ɗa ɗaya na waƙa, wato baiti guda, da kayan kiɗa, ka tayar da ƙungiya ke nan. Za a aika a kira masu ganga da 'yan amshi, wani daga gona wani daga kasuwa, mutum shida ko takwas ko fi, kuma kowannensu yana da rabo. In ba ka da ƙarfin wannan, ka roƙi maigida ya rera maka da baki kawai. Sau da yawa wannan ya fi amfani ga mai nazari, don kalmomin sun fi fita.

Gargaɗi: ka kiyayi a sa sunanka a waƙa. Wata rana a wani gari da ba zan ambata ba, muna cikin ɗauka sai maroƙin ya juyo ya tambayi sunan mahaifina da garinmu. Ni kuma da wauta na faɗa. Kafin in ankara an ɗora ni a kan kiɗi, 'yan amshi sun karɓa, jama'a sun taru ana kallon aljihuna, wanda ba komai cikinsa sai kuɗin motar komawa. Hulata sabuwa da agogona suka fanshe ni. Tun daga ranar nake gaya wa ɗan jagora tun a hanya cewa ni ɗaukar tarihi na zo, a yafe mini kirari. In kuma ya faru duk da haka, ga amfanin rarar da na ce ka ɓoye.

Liƙi ma ka bar shi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a kan haka. Kai da ke ɗaukar bidiyo, hujja kake tarawa a kanka da kan mai masaukinka. Ka miƙa a hannu.

7. Gaisuwa da neman izini

Ka cire takalmi a ƙofar zaure. Ka zauna ƙasa da inda yake zaune, in ya nuna maka kujera ka ce tabarma ta ishe ka. Ka kira shi da sarautarsa in yana da ita, Sarkin Kiɗi ko Sarkin Taushi ko Makaɗa, in babu ka ce Baba ko Alhaji, mace kuma Hajiya ko Inna. Kada ka kira shi da laƙabin da ake kiransa da shi a fili, ko da shi duniya ta san shi. In an kawo ruwa ko fura ka sha. Kayan ɗauka su zauna cikin jaka.

Ka bar ɗan jagora ya buɗe. Zai ce wani abu kamar, "Ranka shi daɗe, wanga yaro ɗan makaranta na, daga Gusau yat taho, yana son shi ji tarihin kiɗi daga bakinka." Maigida zai dube ka ya ce, "To ɗana, mi kaka son ji?" A nan za ka faɗi layin nan ɗaya da ka rubuta a mataki na farko, ka kuma faɗi inda maganar za ta je: kundin makaranta ne, rediyo ne, ko intanet inda kowa zai gani har da ubangidansa. Sai ya amince sannan ka buɗe jaka.

Da ka danna, ka fara da faɗin ranar da garin da sunanka, sannan ka ce, "Baba, kun yarda in ɗauki wannan magana in kuma watsa ta?" Amsarsa ta shiga cikin ɗaukar. Ka kuma gaya masa cewa duk inda ya ce a kashe za a kashe. In ya ce a kashe, ka kashe da gaske, duka wayoyin biyu.

8. Jerin tambayoyi

Ka fara da abin da kowa ke jin daɗin faɗa: garinsu, iyayensa, ko gadon kiɗin ya yi ko haye, wa ya fara ɗora masa ganga, shekara nawa ya yi yana amshi kafin ya ja gaba. Daga nan ka shiga iyayen gida da tafiye-tafiye. Sai tsakiyar zama, bayan jiki ya saki, za ka kawo yadda waƙa ke samuwa: gindin, wato layin da 'yan amshi ke maimaitawa, ne ke fara zuwa ko kiɗin, a ina suke maimaitawa, wa ke kawo masa sunayen kakannin wanda za a yi wa waƙa. Wannan tambaya ta ƙarshe tana buɗe labarai masu yawa, domin kowane makaɗin fada yana da masu ba shi tarihi a ɓoye. Bayan haka ka fito da littafinka na kalmomi. Ka kunna masa wurin ya ji da kunnensa, sannan ka ce, "Baba, nan me ake nufi?"

Kada ka tambayi dattijo shekarar haihuwarsa kai tsaye, zai ba ka adadi don ya sallame ka. Ka ɗaura maganar a kan abin da ba a mantawa. Lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 ya yi aure? Canjin hannun tuƙin mota na 1972 ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973 ya same shi yana amshi ko yana jagora? Da Shagari ya hau a 1979 fa? Ga na baya-baya kuma akwai ƙirƙiro Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Da biyu ko uku daga cikin waɗannan za ka fitar da shekarun da kanka.

Akwai tambayoyin da ba na zaman farko ba ne. Ta farko ita ce wa aka yi wa zambo ko habaici a waƙa kaza. Mutumin da aka yi wa yana da 'ya'ya da jikoki, wasunsu suna riƙe da sarauta yau, kuma makaɗin ya ɓoye sunan ne da gangan. Ta biyu, asiri da laya da iskoki. Ta uku, nawa wane ya ba shi. Ta huɗu, wa ya fi wani tsakaninsa da wani makaɗi mai rai. Haka kuma yadda sana'ar ta kasance bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, magana ce mai amfani ƙwarai ga mai tarihi, amma ka bari sai shi ya kusanto ta da kansa.

Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ya yi shiru kada ka cike gurbin, tunani yake. Ka rage "na'am, na'am" da baki, ka riƙa gyaɗa kai, don muryarka tana hawa kan tasa. In ya kauce ya shiga labarin wani doki da aka ba shi, bi shi, ka dawo da shi daga baya. Awa ɗaya da rabi ta ishi tsoho. Da an kira salla ka tsayar.

'Yan amshi ba za su saɓa wa maigida a gabansa ba. In kana son nasu bayanin, ka nemi izininsa ka gan su wata rana daban.

9. Kafin ka tashi

Ka karanta masa sunayen mutane da garuruwan da ka rubuta ya gyara maka. Ka nemi izinin hoto, nasa shi kaɗai, da shi da jama'arsa, da kayan kiɗan, kana tambayar sunan kowane sashe, daga fata zuwa tsarkiya. Kada ka ɗauki ganga ka buga sai an miƙo maka. Ka miƙa ambulan, ka nemi addu'a, ka sallami ɗan jagora a waje.

10. Adanawa da rubutawa

A daren ranar ka kwafe komai wuri biyu, kwamfuta da memori, ko ka tura wa kanka ta intanet. Ka sa wa kowane fayil suna da rana da gari. Rubuta hirar awa guda yana cin awa huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye in karin harshen ya yi maka nauyi, don haka ka fara cikin makon tun kana tuna fuskarsa.

Gargaɗi: ka rubuta yadda ya faɗa. In ya ce "munka tai" ko "ɗiyan sarki" ko "hwada", kada ka mayar da su Hausar littafi. Zamfarci da Kabanci suna cikin abin da ka je ɗauka, a waƙa kuma sauya harafi ɗaya yana karya karin. Duk shekara ko sunan sarkin da ya ambata, ka gwada shi da wani dattijo ko da fada kafin ka buga.

In za ka yanka guntaye don TikTok, kada ka ciro jimla ɗaya da za ta haɗa shi faɗa da wani, ko da ita za ta kawo maka masu kallo. Waƙar kuma tasa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare mai waƙa da mai rerawa, izinin hira bai zama izinin sayar da waƙoƙinsa ba. In tasharka tana kawo kuɗi daga abin da ka ɗauka wurinsa, ka gaya masa ka kuma ware masa rabo.

11. Komawa

Ƙorafin da na fi ji daga bakin makaɗa shi ne na 'yan boko masu zuwa su ɗauka su ɓace. Wani tsoho ya taɓa lissafa mini mutum nawa suka yi digiri da bakinsa, ya ce ko ɗaya bai dawo ya nuna masa takardar ba.

Cikin wata ɗaya ko biyu ka koma, ko ka aika in hanya ba ta ba da dama. Ka kai masa hirar a memori wadda za ta shiga ƙaramar rediyonsa, da hotonsa wankakke cikin firam. Kuɗin wannan bai kai na mota ba, amma za ka tarar da hoton a bangon zaure bayan shekaru. In kundi ka rubuta, ka kai kwafi ka buɗe masa shafin da sunansa yake. Ka riƙa kira ranar Sallah, da lokacin da ba ka neman komai. In an yi masa haihuwa ko aure ko rasuwa ka je, in ka ji ba shi da lafiya ka riga kowa.

Zumuncin yana da iyakokin da in ba ka sa su da wuri ba zai lalace. Kai ba ubangidansa ba ne, kada ka yi shigar ubangida. Za a kira ka a kan kuɗin asibiti ko taki ko kuɗin makarantar yaro. Abin da za ka iya ka yi, wanda ba za ka iya ba ka ce ba ka da hali a fili. "Sai na duba" da kashe waya sun fi "babu" zafi. Kada ka yi masa alkawarin kai shi ga gwamna ko fitar da shi waje. Kada ka ba kowa lambarsa sai ka tambaye shi, musamman 'yan siyasa da za su so su bi ta kanka su samu waƙa a araha. In kana zuwa gidajen makaɗa biyu, abin da ka ji a wannan zaure ya mutu a nan, don za su gwada ka, kowanne zai jefo maka magana a kan ɗayan ya ga ko za ta dawo.

A zuwa na uku ko na huɗu za ka lura ɗan jagora ya daina zama tsakaninku, an daina shimfiɗa maka tabarmar baƙi, wataƙila ma a aiko maka da tuwo daga cikin gida. A irin wannan zama ne wani makaɗi, muna cin gyaɗa bayan azahar, ya ce mini shekarar da ya gaya mini ta fara waƙarsa ba daidai ba ce, waƙar da na fi so a cikin nasa kuma yayansa ne ya yi gindinta. Ka riƙa zuwa da wayarka cike da caji da littafin nan na kalmomi, amma ka bar su cikin aljihu sai ya ce, "Ɗana, ɗauki wagga."